Buhunan Kainuwa Arba'in da Bakwai

Malama ta sake ƙirga buhunan a karo na uku, tana tsaye a bakin ramin siminti, tana nuna kowanne da bakin biro. Ɗari da goma sha uku. Ta duba littafin da ke hannunta. Cikin wata huɗu an rubuta buhu ɗari da sittin sun baro tafki sun zo nan, kuma ƙarƙashin kowane layi sa hannunta ne. Arba'in da bakwai sun yi layar zana.

"Ko akwai wani ramin da ban sani ba?" ta tambayi maigadin wurin.

Maigadin ya sauke 'yar rediyonsa daga kunne. "Rami ɗaya ne, Malama. Abin da mota ta kawo shi nake gani an zuba."

"Kana ƙirgawa?"

"Ba a ce in ƙirga ba. Ƙofa aka ba ni."

Malama ita ce mai gwajin ruwa a aikin tafkunan da ke bayan masana'antar batir. Ruwan da masana'antar ke zubarwa cike yake da gubar dalma, kuma shekara da shekaru yana gangarawa rafin da masu lambu ke ban ruwa da shi. Sai aka haƙa tafki uku a jere, aka zuba kainuwa a ciki. Saiwar kainuwa tana zuƙe dalmar, ruwan ya fita daga tafki na uku kusan fes. To amma gubar ba ɓacewa take yi ba, gida kawai take sakewa, ta koma jikin ganyen. Shi ya sa duk mako biyu ake kwashe kainuwar, a shanya ta ta bushe, a ɗura a buhuna masu jan fenti, a kawo wannan rami na bayan gari a binne. Kowane buhu guba ce aka ɗinke wa baki.

Ba ta taɓa zuwa ramin ba sai yau. Masu sa ido daga hukumar da ke ɗaukar nauyin aikin za su zo mako mai zuwa, aka ce ta ɗauko hoto.

Ta dubi maigadin da kyau. Rediyon sabuwa ce. Ta ce tana son ruwan wanke hannu, ta bi shi har bakin ɗakinsa, ta leƙa ciki da wutsiyar ido. Tabarma ce da buta da riga a ƙusa. Babu ko ƙyallen buhu. Ta ji kunyar kanta, amma duk da haka sai da ta kalli bayan ɗakin ma.

"Wa ke kawo kayan?"

"Direbanku mana. Dogon nan mai fara'a. Ai ya ce mini ke matar wansa ce."

Ta san amsar tun kafin ta tambaya. Auta ne, ƙanin mijinta. Shekara biyu ya yi yana zaman kashe wando, ita ta je ta tsaya masa aka ba shi motar aikin. Ta rufe littafin. Tsakanin tafki da rami hannaye da yawa ne, ta gaya wa kanta. Akwai mai ɗurawa, akwai mai lodi, akwai mai ba da umarni.

Ƙarfe goma sha ɗaya ta isa ofis. Dakta, shugaban aikin, yana gaban kwamfuta yana shirya jawabin da zai yi wa baƙin. Ta ajiye littafin a gabansa ta faɗa masa abin da ta gani. Ya cire tabarau, ya tashi ya tura ƙofa, sannan ya dawo ya zauna.

"Wa kika gaya wa?"

Tambayar ta tsaya mata a rai. Ta zaci zai ce ina buhunan suke.

"Kai ne na farko, Dakta."

"Madalla." Ya juya shafukan littafin ba tare da ya karanta ba. "Busasshen ganye ne. Yana iya ruɓewa, buhu ya lotse, biyu su zama kamar ɗaya. Kin tabbata kin ƙirga na ƙasa?"

"Sau uku na ƙirga. Buhun leda ba ya ruɓewa cikin wata huɗu."

"Ruwan fa? Na'urarki ba ta ce ya tsarkaka ba?"

"Ruwan ya tsarkaka. Gubar ce ban san inda take ba."

Dakta ya yi ajiyar zuciya. Mutum ne da ya kwashe shekara shida yana bin ofisoshi kafin a yarda a haƙa tafkunan nan, kowa ya san da haka. Ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Bari baƙin nan su zo su tafi. Kwana shida ne. In suka ji wannan magana za su rufe aikin, masana'anta ta koma zuba ruwanta a rafi kamar da. Wa aka yi wa? Bayan sun tafi sai mu bi abin a tsanake."

"Kwana shida wani yana iya cin abin."

"Wa zai ci busasshiyar kainuwa?" Ya tura mata littafin, yatsansa a kan sa hannunta. "Kuma ki lura. Ba zarginki nake yi ba. Amma wanda bai san ki ba zai ga sa hannu naki ne, direba kuma ɗan gidanku ne. Ki yi tunani kafin ki ɗaga murya."

Ta fito tana juya maganar. Shawara ce ko gargaɗi? Ta tuna watan jiya Dakta ya kira Auta gefe sun daɗe suna magana a jikin mota, da ta matso suka yi shiru. A lokacin ta ɗauka zancen tayar motar ne. Da ta waiwaya daga bakin baranda sai ta ga labulen tagarsa ya ɗan motsa. Shi ma kallonta yake yi.

Ba ta shiga ɗakin gwaji ba. Ta zagaya bayan katanga ta nufi tafki.

Rana ta take. Tafkin farko baƙi ne yana wari, na biyu ya rufe da koren ganye har ba a ganin ruwa, na uku kuwa ana hango ƙasansa. A bakin na biyu wani dattijo ne tsaye cikin dogon takalmin roba, yana janyo kainuwa da manjagara yana tarawa a kan daɓen shanya. Kowa Baban Tafki yake kiransa. Shi ke kwasa, shi ke shanyawa, shi ke ɗurawa ya ɗinke. Da can in ya hango ta sai ya ce, "Ga mai kwalabe ta zo ɗiban sirrinmu." Wata biyu ke nan ya daina. Gaisuwa kawai, ita ma a taƙaice. Yanzu da take tahowa sai wannan shirun ya zama mata hujja. Me ya sa mutum zai daina haɗa ido da kai haka kawai?

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa, sannu."

"Buhu nawa ka ɗinka tun da muka fara kai wa rami?"

Bai ɗago ba. "Ba yana littafinki ba?"

"Daga bakinka nake son ji."

Ya jingine manjagarar, ya cire safar hannu, ya wuce ta zuwa 'yar rumfar da yake ajiye kaya. Ta bi shi. A jikin bangon akwai zane-zanen gawayi, sanda huɗu a tsaye ɗaya a gicciye, layi bayan layi.

"Ni ban yi boko ba," in ji shi, "amma bango ba ya cin hanci. Ƙirga."

Ta ƙirga. Ɗari da sittin cif.

"A rami ɗari da sha uku na tarar," ta ce, tana kallon fuskarsa don ta ga abin da za ta yi.

Fuskar ba ta yi komai ba. Ya daɗe yana dubanta, irin duban da mai awo ke yi wa sikelin da bai yarda da shi ba.

"Yau kika sani?"

"Yau da safe."

"Tsakaninki da Allah?"

"Baba, me kake nufi?"

Ya jawo wani bokiti ya kifa ya zauna. "Wata biyu da suka wuce na raka surukina kasuwar dabbobi. A layin masu dusa na ga buhuna. An juya cikinsa waje don kada a ga jan fentin, amma akwai facin da na yi masa da shuɗin zare, na san hannuna. Na sa hannu a ciki na shinshina. Kainuwarmu ce, an daka ta an gauraya da dusa."

Malama ta dafa bango.

"Na ce wa mai shagon guba yake sayarwa. Ya yi mini dariya, ya ce in ina son shiga harkar in fito fili in faɗa. Na dawo na fara yayyafa kananzir a buhunan ko dabba za ta ƙi ci. Kwana biyu iska ta ɗauke warin."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"In faɗa wa wa? Mai tuƙa motar ƙanin maigidanki ne. Mai sa hannu ke ce. Mai ɗaukar ku aiki duka Dakta ne. Ni kuwa manjagara ce tawa. Na ɗauka tuwona maina kuke yi, in na buɗe baki a ce ni ne ɓarawon."

"Wata biyu kana yi mini kallon ɓarauniya?"

"Ke yau da wane kallo kika zo mini?"

Ya miƙe ya mayar da safar hannunsa.

"Shago na huɗu daga famfo, mai koren ƙofa. Kada ki je da wannan farar rigar, za su ɗauka haraji kika zo karɓa."

Ta bar rigar aikin a rumfarsa, ta zuba kwalaben gwaji uku a jakarta, ta fita titi ta tari bas. Duk tsawon hanyar tana lissafi. Buhu arba'in da bakwai, in an gauraya da dusa zai ninka sau uku ko huɗu. Akuya nawa ke nan? Saniya nawa? Matar da ke kusa da ita tana riƙe da galan na madara a cinya, Malama ta tsinci kanta tana kallon galan ɗin har matar ta janye shi zuwa ɗaya gefen.

Kasuwar dabbobi ta cika da kuka da ƙura da warin fitsari. Ta sami famfon, ta ƙirga shaguna. Mai koren ƙofa wani kakkauran mutum ne da tsinken sakace a baki, yana zaune a kan buhun ƙaiƙayi. Ya dubi takalminta kafin ya dubi fuskarta.

"Hajiya, me za a kawo?"

"An ce kana da wani haɗi mai sa nono."

"Wa ya ce?"

"Maƙwabciyata."

"Wacce? Ai duk na san masu sayena."

"Mai akuya uku," ta ce, don abin da ya fara zuwa bakinta ke nan.

Ya juya tsinken zuwa ɗaya gefen bakin. Da alama bai yarda ba, amma ciniki ciniki ne. Ya shiga ciki ya fito da kwano cike da gari mai launin toka-toka da kore. Ko ba ta sa a na'ura ba ta gane siraran saiwoyin nan.

"Ganyen ruwa ke nan. Ba kowa ke da shi ba. Masu madara rububinsa suke yi. In akuya ta ci kwana biyar, sai kin nemi babban kwano."

"Daga ina yake zuwa?"

"Hajiya, saye kika zo yi ko tambaya?"

Ta ce ya auna mata kwano ɗaya. Yana aunawa ta leƙa bayansa. Buhuna shida a jingine, fararen ciki a waje, jan fenti yana ɗan nunawa ta cikin saƙar. Ta koma gefe ta ciro waya.

Auta ya ɗauka da fara'arsa. "Anti ta kaina. A ba da umarni."

"Zo ka ɗauke ni."

"Kina ina?"

"Kasuwar dabbobi. Layin masu dusa, shago mai koren ƙofa."



"Me kike yi a can, Anti?"

"Ina jiranka."

Minti ashirin ya iso. Tun kafin ya kashe mota mai shagon ya ɗaga hannu yana murmushi. "A'a, mutumina. Yau ba ranarka ba ce ai." Sai ya ga inda idon Auta yake, ya dubi Malama, murmushin ya gushe. Ya cire tsinken daga baki.

Ta buɗe ƙofar motar ta shiga gaba. Auta ya zauna riƙe da sitiyari, yana kallon gilashi. Tun ranar da aka kawo ta gidansu yake tsokanarta, ita ma ba ta raga masa. Yau babu wasa.

"Tun yaushe?" ta ce.

"Anti, ciyawa ce fa."

"Tun yaushe?"

"Wata uku da wani abu." Ya share gumi. "Ranar farko buhu ɗaya ne ya faɗo ya fashe a hanya, awaki suka taru suka cinye tas. Na dawo bayan mako na gan su suna tsalle. Na ce to wannan abin da ake binnewa ai asara ce. Ku 'yan boko komai guba ne a wurinku."

"Ban gaya maka abin da ke ciki ba ranar da ka fara aiki?"

"Kin faɗa. Amma na ga da idona."

"Me ka gani? Dalma ba ta kayar da akuya yau. Taruwa take yi a jini da ƙashi, ta bi nono ta fita. Babba ya sha, ya daɗe bai ji komai ba. Yaro ya sha, ta tafi ƙwaƙwalwa. Ba zazzaɓi, ba ƙurji. Sai dai a ga yaro ya daina cin abinci, ya daina riƙe karatu, a ce dama haka Allah ya yi shi."

Ta sake jefa masa tambaya.

"Dakta yana ciki?"

Ya juyo da mamaki. "Dakta? Wallahi bai sani ba."

"Me kuke tattaunawa a jikin mota watan jiya?"

"Cewa ya yi in riƙa kai 'ya'yansa makaranta da motar aiki, kada in gaya wa kowa."

Ta dube shi. Yana iya zama gaskiya, yana iya zama an shirya amsar tun tuni. Ta lura yau ba wanda ya yi mata magana ta yarda da shi kai tsaye.

"Anti, ki yarda da ni, ban ɗauka cuta ce ba," in ji Auta. "Da na san guba ce zan kai wa uwar da ta haife ni? Wata uku awakin Inna suna ci, ki je ki gan su, ɓul-ɓul da su."

Hayaniyar kasuwar ta yi nisa a kunnenta. 'Yarta mai shekara huɗu kullum daga makaranta gidan Inna ake kai ta, sai ta tashi aiki ta biya ta ɗauke ta. Kuma Inna ba ta barin jikarta ta tafi sai ta sha kofin nonon da ta tatsa da hannunta. Malama ta tuna ciwon cikin da yarinyar ta yi ta kuka da shi makonnin nan, da yadda take ture abinci. Likita ya ce tsutsar ciki ce. Wataƙila ita ce ɗin. Wataƙila.

"Tayar da mota."

"Ina za mu?"

"Gidan Inna."

Suna fita daga kasuwar ta nemo lambar jami'ar lafiya ta yankin, wata da suka yi makaranta tare. Auta ya ga sunan a fuskar wayar.

"Anti, don girman Allah. Bari mu kwashe na shagon mu kai rami, ba wanda zai ji. In Yaya ya ji wannan magana kashe ni zai yi. Aikin ma ke kika samo mini."

"Na shagon shida ne. Sauran suna gidajen mutane, kuma mai shagon ne kaɗai ya san gidajen."

"Ke ma fa sa hannunki yana ciki."

"Na sani. An riga an tuna mini yau."

Ta danna kiran. Ta faɗi layin, ta faɗi shagon, ta faɗi abin da ke cikin buhunan da inda suka fito. Da aka tambaye ta wa ya kai su kasuwa sai ta ce za ta zo ofis gobe da safe ta rubuta komai da hannunta. Ta kashe wayar. Nan take kiran Dakta ya shigo, kamar yana jin abin da ake yi. Ta bar ta tana ruri a cinyarta har ta gaji.

La'asar ta yi sanyi lokacin da suka isa. Auta ya tsaya a zaure, ya kasa shiga. Malama ta yi sallama. Inna tana zaune a kan kujera 'yar tsugune a tsakar gida, awaki uku a ɗaure a gindin bishiya suna tuƙa, ga buhu biyu a ƙarƙashin rumfa. Yarinyar tana zaune a tabarma, kayan makaranta a jikinta, ta riƙe kofin roba da hannu biyu.

Malama ta durƙusa kamar yadda ta saba. "Inna, ina wuni?"

"Lafiya lau. Yau da wuri haka? Ko an kore ku ne?"

"An wuni lafiya? Ya ƙafar?"

"Da sauƙi. Ke kuwa gaisuwa kike yi ko kallon kofi?"

Malama ta matsa kusa da 'yarta. "Kawo in gani, Mamana." Yarinyar ta miƙa mata, farin nono a leɓenta na sama. Saura rabi. Malama ta goge mata baki da gefen mayafi, ta buɗe jaka, ta ciro kwalbar gwaji, ta tsiyaye nonon a ciki ta rufe. Kaɗan ya zube a tabarma.

Inna tana kallonta har sai da ta ga an ciro biro ana rubutu a jikin kwalbar.

"Yau kuma nonon gidana ne ya zama abin tuhuma?"

"Ba haka ba ne, Inna."

"To yaya ne? Da ruwan randata kika ce a riƙa tafasawa, na yi shiru. Kika ce kada a ba ta abu da hannu, na yi shiru. 'Ya'ya bakwai na raina da nonon akuya, har da wanda kike aure. Wanne ne ya lalace? In ƙyamar gidan kike yi ki faɗa, ki nemi inda za ki riƙa kai ta."

Malama ta sunkuyar da kai. Maganar tana bakinta, amma ba ta san yadda ake gaya wa uwa irin wannan a kan ɗanta ba, balle autanta. Ta dubi buhunan da ke ƙarƙashin rumfa, ta dubi ƙofar zaure.

Inna ta bi idonta. Tsohuwa ce, amma ba a yi mata ɓoyo a cikin gidanta.

"Wane ne a zauren nan?"

Ta ɗan karkata ta leƙa.

"Auta, na ga ƙafarka. Shigo."

Ya shigo yana murza makullin mota, ya tsuguna nesa da ita.

"Abincin awakin nan da kake kawo mini, ka ce a wurin aikinku ake rabawa. Me ka kawo mini?"

Ya fara da cewa ciyawa ce. Inna ba ta ɗauke ido daga kansa ba. Sai ya faɗi sauran, a gutsure, kansa a ƙasa: tafkin, jan fentin, ramin da aka aike shi, shagon kasuwa. Da ya zo kan abin da dalma ke yi wa yara sai ya kasa ci gaba, Malama ta ƙarasa masa cikin kalmomi kaɗan.

 Yarinyar ta gaji da zama, ta tashi ta je ta jingina da kakarta tana wasa da zoben hannunta. Inna ta ɗora tafin hannu a kanta ta bar shi a nan.

"Takwarata ta sha na wata uku ke nan," ta ce, ba tambaya ba ce.

"Gobe zan kai ta a ɗebi jininta. In an gano da wuri akwai magani."

"Wannan kwalbar fa, kwana nawa kafin a sani?"

"Biyu, ko uku."

"'Ya'yan gidan can ma ina aika musu in ya yi saura. Su huɗu ne." Ta nuna katanga da haɓa. "Ki tafi da su goben. Ni zan shiga in gaya wa uwarsu da bakina."

Ta dafa gwiwa ta miƙe da ƙyar. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙwaryar da take ajiye nonon yamma, ta ajiye a gaban Malama.

"Ɗebi na wannan ma. Na baƙar akuyar ne, ita ta fi ci."

Malama ta ciro kwalba ta biyu. Inna ta juya wajen ɗanta, wanda har yanzu yake tsugune.

"Kai kuma tashi ka ɗauki buhunan nan. Ka kai su inda aka aike ka tun farko."

"Inna, yamma ta yi, kafin in isa maigadin ya rufe."

"Sai ka jira a bakin ƙofar har ya buɗe."

Auta ya tashi ya saɓa buhun farko a kafaɗa. Yana kaiwa zaure Inna ta ce wa Malama, ba tare da ta dube ta ba, "Bi shi. Ki ƙirga."